A Ina Aka Rufe Wa 'Ya'yan Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa Ƙofar Karatun Likita?

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, sai ka ji koke iri ɗaya a majalisu da ƙofofin masallatai, tun daga Ƙanƙara har Faskari da Sabuwa: yaro ya nemi karatun likita an hana shi, an jefa shi wani fannin da bai nema ba, ko kuma an bar shi a gida ya jira baɗi. Daga nan sai jama'a su rabu gida biyu. Wasu su ce zalunci ne, a rage makin da ake nema domin 'ya'yan karkara su sami shiga. Wasu kuma, galibinsu waɗanda nasu 'ya'yan ke karatu a Kaduna da Abuja, su ce ai yaran yanzu ne ba sa son wahalar karatu. Mu ba mu tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan maganganu. Makin ba shi ne abokin gabarmu ba, yaran kuma ba ragwaye ba ne. Ƙofar tana rufuwa ne shekaru kafin ranar jarrabawa, sannan ɗan kason da doka ta ware domin irin waɗannan yara, wasu ne daban suke cinye shi da sunansu.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda hanyar take, domin da yawa daga cikin iyayen da ke kuka ba a taɓa zaunar da su an yi musu bayaninta ba. Abu na farko shi ne sakamakon kammala sakandare, na WAEC ko na NECO, inda ake son kiredit a darussa biyar da ba a musanya ko ɗaya daga cikinsu: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Jami'o'i da dama suna ƙara sharaɗin cewa sai an same su a zama ɗaya, wato ba a haɗa sakamakon bana da na bara. Yaro zai iya cin darussa takwas da kyakkyawan sakamako, amma idan Fiziks ta zame masa, to maganar likita ta ƙare a wannan shekara. Abu na biyu jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, kuma tun 2015 a kan kwamfuta kaɗai ake yin ta. Mai neman likita yana amsa Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, tambayoyi 180 cikin awa biyu, jimillar maki 400. Bayan nan akwai tantancewar da kowace jami'a ke yi da kanta, al'adar da ta fara a 2005.

Akwai ruɗun da yake cutar da iyaye a nan. Sukan ji a rediyo cewa mafi ƙarancin makin shiga jami'a 140 ne, kamar yadda aka tsayar a 2024, ko 150 kamar na 2025, sai su ɗauka ɗansu mai 210 ya haye. Wannan adadi izinin tsayawa a layi ne kawai. A fannin likita ana jera masu nema ne daga sama zuwa ƙasa, a ɗebi adadin da ake da gurbinsa, a rufe. Saboda haka a manyan jami'o'i mai maki ƙasa da 250 da wuya ya ji ko ƙamshin gurbin cancanta. A sakamakon 2024 da hukumar ta fitar, cikin ɗalibai fiye da miliyan 1.8, kusan kashi 76 cikin 100 ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa 8,401 ne kacal a duk faɗin Nijeriya. A wannan ƙololuwa ake kokawar, kuma masu kokawar dubban ɗaruruwa ne.

Me ya sa guraben suka yi kaɗan haka? Saboda jami'a ba ta da ikon ɗaukar yadda ta ga dama. Majalisar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanka wa kowace tsangaya adadinta, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwaje-gwajenta da gadajen asibitin koyarwarta. A 2023 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ninka adadin ƙasa baki ɗaya daga 5,000 zuwa 10,000. To, mu yi ɗan lissafi. Ƙananan hukumomin Nijeriya 774 ne. Da za a raba gurabe 10,000 daidai wa daida, kowace za ta tashi da kusan 13, ƙananan hukumomin nan uku kuma su tashi da kusan 39 a kowace shekara. Ba mu ce haka za a raba ba. Mun kawo shi ne domin ya zama ma'auni. Duk wanda ya san ƙasar nan, daga Ketare da Pauwa zuwa Daudawa da Mairuwa da Sheme, har Damari da Dungun Mu'azu, ya zauna ya ƙirga yaran da suka yi sakandare a nan gida kuma suka shiga karatun likita a shekara guda, ya gwada da wannan adadi. Yankin da ƙidayar 2006 ta ba shi mutane fiye da rabin miliyan ke nan.

Duk da haka muna cewa kada a rage sharaɗin, kuma muna faɗa da babbar murya domin mun san maganar ba za ta yi wa wasu 'yan'uwa daɗi ba. Dalili na farko, abin da za a damƙa wa wannan yaro bayan shekara shida rai ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani ba da sani ba, ya jawo ɓarna, to lamunin abin yana wuyansa. Wanda ya tura shi ta bayan gida yana sane fa, ina matsayinsa? Kuma likitan da aka sassauta wa ba Abuja za a kai shi ba. Mu za a kawo wa shi, matanmu zai yi wa tiyata. Dalili na biyu, sassaucin ma ba ya amfanar yaron. Samun gurbi ba shi ne shiga ba. Shekarar farko ta jami'a rariya ce: ana sake karanta Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a mataki mai zurfi, wanda bai kai ba a sauya masa fanni. Wanda ya tsallake kuma yana da babbar jarrabawar ilmin ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi da sinadaran jiki tana jiransa, inda makin ci 50 ne, ba a yi wa kowa ragi don ya fito daga ƙauye. Yaron da aka cusa da wasiƙar wani babba yakan dawo gida bayan shekara biyu ko uku, an sayar da shanu da amfanin gona a kansa, ga karayar zuciya.

Wannan kuma shi ne hukuncinmu a kan cibiyoyin nan da ake yi wa laƙabi da na mu'ujiza, inda uba zai biya kuɗi a rubuta wa ɗansa amsa a allo. Ha'inci ne, kuma ha'inci marar riba. Takardar za ta nuna kiredit a Kemistiri, amma kwamfutar JAMB ba ta san wannan ciniki ba, malamin shekarar farko a Zariya ma bai san shi ba. Abin takaici, uban da ba zai yarda a tauye masa mudu a kasuwar Sheme ba, shi ne yake kai kuɗin da hannunsa.

To, idan ba a bakin jami'a aka rufe ƙofar ba, a ina aka rufe ta?

A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan yara cikin daji. Ranar 17 ga wata aka sako su, gwamnatin Aminu Bello Masari ta ce su 344 ne. Duniya ta yi murna, 'yan jarida suka naɗe kayansu suka tafi. Amma a lura da irin makarantar da aka taɓa. Makarantar kimiyya ce ta kwana, wato irin wadda aka gina musamman domin ɗan talakan da ya nuna hazaƙa ya sami malamin Fiziks da ɗakin gwaji, abin da makarantar jeka-ka-dawo ta ƙauyensu ba za ta ba shi ba. Ita ce mashigar likitanci da injiniyanci ga ɗan manomi. Bayan harin aka rufe makarantun kwana na jihar, alhali yaran ba su daɗe da dawowa daga dogon zaman gida na annobar korona ba. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da waɗannan uku, na tsawon watanni. A watan Nuwamba na 2025, bayan sace ɗalibai a jihohin Kebbi da Neja, aka sake ba da umurnin rufe makarantun gwamnati a jihar. Yaron da yake aji ɗaya na ƙaramar sakandare a daren da aka shiga Ƙanƙara, a lissafi 2026 ce shekarar kammalawarsa. Wato duk rayuwarsa ta sakandare a cikin wannan hali ya yi ta. Shi ne kuma za a zaunar gaban tambayoyi 180 iri ɗaya da na yaron da bai taɓa rasa zango ɗaya ba.

Ba muna zargin hukuma don ta rufe makaranta ta tsare rai ba. Abin da muke tuhuma shi ne rashin ramuwa. Kimiyya ba ta karɓar tsallake. Wanda bai fahimci lissafin aji uku na ƙaramar sakandare ba, ba zai gane Fiziks na aji huɗu ba, kuma wanda zangon da ake koyar da awon sinadarai ya wuce shi yana gudun hijira a Funtuwa, zai ci gaba da ɗingishi a Kemistiri har ƙarshe. Tarihi ko Adabi, yaro mai himma zai iya ɗaukar littafi ya cike giɓinsa a ɗaki. Gwajin da ake ɗiga ruwan sinadari a wani har launi ya sauya, wanda ba ya ɓacewa a jarrabawar aikin hannu ta Kemistiri, ba a koyonsa a littafi. Sai an riƙe kwalbar da hannu. Akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka taɓa ta, kamar yadda akwai waɗanda ranar JAMB ce ranar farko da suka ɗora hannu a kan kwamfuta, bayan sun kwana a gidan wani ɗan'uwa a Funtuwa ko Malumfashi ko Katsina saboda tsoron hanyar asuba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kuma maganar malamai, wadda ita ce uwar matsalar. Wanda ya karanta Fiziks ko Lissafi a jami'a yana da inda zai je. Makarantun kuɗi na birni suna nemansa. Idan aka tura shi ƙauyen da ake sace mutane a hanyarsa, kuma albashinsa daidai yake da na wanda aka bari a cikin birnin Katsina, ba sai an tambayi abin da zai yi ba: zai nemi sauyin wuri, kuma zai samu. Sai a ɗauki malamin Noma a ce ya riƙa taɓa Bayoloji, a ce wa mai bautar ƙasa ya rufa asiri a Fiziks, idan ma an turo shi. Wanda zai bi sawun faɗuwar yaranmu a JAMB, a nan zai iske mafarinta.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya kasa guraben gida uku: kashi 45 cikin 100 na cancanta zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka ayyana a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilmin zamani. Katsina tana cikin waɗannan jihohi, tana kuma cikin yankin Jami'ar Ahmadu Bello. Wato doka ta riga ta yarda cewa tseren ba daga wuri ɗaya aka fara shi ba. Amma da me ake gane ɗan Katsina? Da takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma. Ba a tambayar inda ya yi karatu. Saboda haka yaron da aka haifa a Abuja, ya yi makarantar da kuɗin zangonta ya fi abin da manomin Maigora ke samu a damina, wanda ba a kawo shi gida sai da Sallah, in ma ana kawo shi, zai aiko a karɓar masa takarda a sakatariyar Faskari, ya shiga layi ɗaya da ɗan manomin nan a kan kason da aka ware saboda koma-bayan ɗan manomin. Wa zai ci? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Wancan yaro ɗanmu ne, bai yi laifi ba, kuma muna alfahari da shi idan ya zama likita. Amma wurinsa kason cancanta ne, domin an ba shi duk abin da ake bukata ya yi takara a can. Abin da muke nema a gyara shi ne ma'aunin: a cikin kason jihohin da aka bari a baya, a fifita wanda ya yi shekarunsa uku na babbar sakandare a makarantar gwamnati da ke cikin jihar. Wannan ba abu ne mai wuyar ganewa ba, domin lambar makarantar tana jikin sakamakon WAEC da NECO, kuma tun 2017 duk ɗaukar ɗalibai ta na'urar JAMB take bi. Ba bidi'a ba ce kuma a duniyar ilmi. A Ingila jami'o'i da dama suna duba makarantar da ɗalibi ya fito da unguwarsu kafin su auna sakamakonsa, kuma King's College ta Landan tun 2001 take da tsarin da ke ɗaukar 'ya'yan makarantun marasa galihu, ta ƙara musu shekara guda, su fita da digiri iri ɗaya da na kowa bayan sun ci jarrabawa iri ɗaya da ta kowa. A kula da wannan: lokaci aka ƙara, ba a rage awo ba.

Mu ma a Arewa mun taɓa sanin wannan hikima. Likitan farko daga Arewacin Nijeriya, Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa, sai da ya je Birmingham ya yi karatu, a zamanin da babu inda ɗan Arewa zai koyi aikin a gida. Da aka buɗe tsangayar likitanci a Zariya a 1967, sai aka tarar babu isassun 'yan Arewa masu sakamakon shiga. Shugabannin lokacin ba su ce a zubar da sharaɗi ba. A zamanin Farfesa Ishaya Audu, wanda shi kansa likita ne, jami'ar ta buɗe makarantar share fage a 1970, ta riƙa ɗebo yara daga sakandare tana gyara su kafin su shiga. A 1977 jihar Kano ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta zaɓi yara da jarrabawa, ta tara musu malamai da kayan aiki a wuri ɗaya. Duk wanda ya shiga asibitocin Kano da Jigawa ya tambayi manyan likitocin inda suka yi sakandare, zai sha jin sunan Dawaki. Abin da aka yi da gangan ne, da kuɗi da haƙuri, kuma ya yi 'ya'ya cikin shekara goma.

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta tura ɗalibai 41 ƙasar Masar karatun likita, kuma ta ce daga makarantun gwamnati ta zaɓo su. Wannan ma'auni shi ne daidai, kuma mun yaba. Sai dai jihar tana da ƙananan hukumomi 34, don haka abin da zai faɗo wa kowace bai wuce ɗaya ko biyu ba. Karatun waje kuma yana da nasa haɗari. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya tarwatsa karatun ɗimbin 'ya'yan Arewa da ke Khartum, kamar yadda na Yukren ya yi a 2022. Wanda ya gama lafiya ma sai ya zauna jarrabawar MDCN kafin a ba shi lasisi, kuma a zaman 2023 fiye da rabin waɗanda suka zauna ba su ci ba. Saboda haka uban da ke shirin sayar da gona ya tura ɗansa wata ƙasa don kawai can ba a tambayar maki, ya sani awon da ya guje wa yana nan yana jiransa a gida.

Wani zai ce, me ya sa lalle sai ɗan Sabuwa? Likita ai likita ne, a turo ko daga ina. Amsar tana cikin alƙaluman da Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayar a 2024: likitoci masu lasisi kusan 55,000 ne a ƙasar, wajen 16,000 sun fice cikin shekara biyar, kuma daga waɗanda suka rage kimanin 7,600 suna Legas, 4,700 suna Abuja. Wanda Landan da Riyad ke kira, da me za ka riƙe shi a Ƙanƙara, garin da a watan Janairu na 2025 'yan bindiga suka shiga babban asibitinsa suka harbi likita? Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2010 kan yadda za a riƙe ma'aikatan lafiya a karkara, ta sa ɗaukar ɗalibai 'yan asalin karkara a sahun gaba, domin bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna su ne suka fi komawa su zauna. Japan ta gina jami'a sukutum a kan wannan a 1972, Jami'ar Jichi, wadda ke ɗaukar ɗalibai biyu ko uku daga kowane lardi, ta yafe musu kuɗin karatu bisa sharaɗin su yi wa lardinsu aiki shekara tara. Ba mu ce ɗan gida ba ya gudu ba. Yana gudu. Amma wanda mahaifiyarsa ke kwana a garin ya fi wuyar gudu, kuma idan al'umma ce ta ɗauki nauyinsa bisa alkawari rubutacce, to akwai abin da za a riƙe shi da shi.

Maganar ta fi tsanani a kan 'ya'ya mata. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya a Nijeriya suke, kuma cibiyar masu yoyon fitsari da ke Babbar Ruga a Katsina shaida ce a kan abin da doguwar naƙuda ke yi wa matan karkara. Muna jin magidanta suna cewa ba su son namiji ya duba iyalinsu, kuma kishi ne mai kyau. Amma mutum ba zai cire 'yarsa daga aji huɗu ba, sannan ya zo asibiti yana faɗa don bai sami likita mace ba. Daga ina za ta fito? Wanda yake son mace ta duba matarsa, wajibinsa ne ya bar wata yarinya ta kai aji shida da Fiziks da Kemistiri a hannunta, ya kuma yarda cewa aure ba ya hana karatu idan an rubuta sharaɗin tun wajen ɗaurawa. An ma gwada hanyar a jihar nan: shirin Mata Domin Lafiya, wanda ya gudana daga 2012 zuwa 2020 a Katsina da wasu jihohin Arewa, ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, ya ba su shekarar share fage su gyara sakamakonsu na kimiyya, sannan su shiga makarantun jinya da ungozoma da cancantarsu.

Hukuncin wannan ilmi a wurin malamai sananne ne. Farilla ce ta kifaya: idan wasu suka tsaya da ita an sauke wa saura, idan kowa ya bari kowa ya ɗauki laifi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo likitanci a matsayin misalin wannan farilla a cikin Ihya'u, har ya yi kukan yadda mutanen zamaninsa suka yi cincirindo a kan saɓanin fiƙihu suka bar garuruwa babu likita daga cikinsu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi rubutu a kan ciwon ido da basir. Abin da farilla ba ta cika sai da shi kuwa, shi ma farilla ne. Idan likita ba ya samuwa sai da malamin Fiziks, to albashin malamin Fiziks ya shiga cikin abin da ake tambayar al'umma a kansa. Muna kira ga masu hannu da shuni na yankin nan, 'yan kasuwar hatsi da auduga da masu motoci, waɗanda ba su gajiya wajen gina masallaci na uku a unguwar da biyu ba su cika ba, su duba wannan babi na waƙafi. Kuɗin da ke gina hasumiya ɗaya zai riƙe malaman kimiyya uku shekaru, ya sayi kayan gwaji da kwamfutoci ashirin da farantan hasken rana da za su kunna su.

Kuma ba sai an je nesa ba. A Funtuwa, maƙwabciyar waɗannan ƙananan hukumomi, akwai makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake gyaran sakamako, ake kuma karatun IJMB da ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye idan ya sami manyan maki. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwa za su iya zaɓar yara goma daga kowace ƙaramar hukuma duk shekara, da jarrabawa a bainar jama'a ba da sanayya ba, maza da mata, su biya musu wannan shekara, su kuma sa wani ya riƙa bin sawunsu. Wanda ya sami gurbi a jami'ar gwamnati, asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana biyan kuɗin makaranta, kuma bashi ne da babu ruwa a cikinsa, don haka babu abin ƙyama. Ga iyaye kuma, shawara biyu. Ranar da yaro zai zaɓi ajin kimiyya a farkon babbar sakandare ita ce ranar da ake yanke maganar likita, don haka ku je makarantar da kanku ku tambayi sunan mai koyar da Fiziks, ku gan shi da ido. Sannan idan yaro ya nema sau biyu bai samu ba, kada a bar shi yana tsufa a layi. Jinya da ungozoma da harhaɗa magunguna da aikin gwajin jini duk ɓangarori ne na farillar nan, kuma asibitin Sabuwa yana bukatarsu yau.

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma kowace tana da wakili a majalisar jiha. A lokacin JAMB mukan ga ana raba fom kyauta ana ɗaukar hoto. Fom ba ya koyar da Kemistiri. Abin da muke nema daga waɗannan wakilai shi ne su gabatar da buƙatar gyara ma'aunin kason nan na kashi 20 a gaban majalisa, su nemi a sa wa malaman kimiyya da ke aiki a yankunan haɗari alawus na musamman, sannan su sa Ma'aikatar Ilmi ta jiha ta riƙa liƙa takarda a ƙofar kowace sakatariya duk ƙarshen shekara, mai ɗauke da sunan kowace babbar sakandare, da yawan malamanta na Fiziks da Kemistiri da Bayoloji da Lissafi, da yawan ɗalibanta da suka sami darussan nan biyar a zama ɗaya. A fara da yaran nan 344 na Ƙanƙara: nawa suka koma aji, nawa suka kammala, kuma ina suke.